Kwana Ashirin da Takwas

Da sassafe motar Dundaye ke ɗaukata,
littafi a cinya, siminti a ƙarƙashin farce.
Ta taga nake hango hayaƙin Kalambaina,
inda ake gasa dutse har ya manta shi dutse ne.

Malaminmu ya rubuta a allo: farar ƙasa, yumɓu, wuta,
zafin da ya haura dubu da ɗari huɗu.
Na kwafa, na haddace, na ci jarrabawa.
Amma ranar da na fara juya kwaɓi da shebur
sai na ji ƙamshin bayan ɗakin kakana,
Modi magini, mutumin Kware,
wanda bai taɓa riƙe biro ba,
sai dai ya ɗanɗana ƙasa a harshe
ya tofar, ya ce: wagga ba ta gini.

Aikina na shekarar ƙarshe tokar ɓuntun shinkafa ce.
Buhu biyu na roƙo wurin masu injin casa,
na ƙona a hankali, na tankaɗe sau uku kamar garin biki,
na rage siminti kashi ɗaya cikin goma, na cike da toka.
'Yan ajinmu suka kwashe da dariya:
Lubabatu za ta ɗora bene a kan shara.

Dunƙule tara na zuba,
na zana wa kowanne ranarsa da tsinin ƙusa,
na nutsa su a kwamin ruwa.
Malam Sambo mai makullin ɗakin gwaji ya ce,
kankare ba bushewa yake ba, yarinya, nuna yake yi,
kuma ba ya jin lallashi.

Ranar bakwai muka sa uku a bakin inji.
Allura ta ɗan hau, ta yi rawa, ta faɗo.
Suka ruguje kamar ƙuli-ƙuli a turmi.
Na tattara ɓaraguzan a leda
ban kalli kowa ba.

Ran Juma'a na kai wa tsoho guntu ɗaya.
Idonsa ya tafi, yatsunsa na nan.
Ya murza, ya shinshina, ya ƙwanƙwasa da zobe.
Mi kika gaggawa, ɗiyata?
Makuba ma sai ta kwana a ruwa taka kama bango.
Katangag ga da kika jingine
damina arba'in tac ci, ba ta yi tari ba.

Na koma na ƙirga kwanaki kamar mai jiran wata.
Ina leƙa kwami, ruwa shiru,
alhali a ciki toka da farar ƙasa
suna ƙulla zumuncin da ido ba ya gani.

Ranar ashirin da takwas aka ɗauke wuta.
Muka jira janareta har bayan azahar.
Allura ta wuce ashirin, ta wuce ashirin da biyar,
Malam Sambo ya gyara tabarau,
ƙarfe na gurnani, dunƙule ya ƙi.
Sai a ashirin da tara ya tsage,
tsaga ɗaya, a miƙe, ba hayaniya.

Na hau kabu-kabu zuwa tasha da lambar a tafin hannu.
Na faɗa wa tsoho, na sake faɗa da ƙarfi.
Ya gyaɗa kai, ya daɗe bai ce komai ba.
Sannan ya ce: to madalla.
In bazara tai tsanani, rana tat tsaya bisa kai,
mai jego na iya barci cikin ɗakin naki?

Na duba tafina, zufa ta cinye lambar.
Injinmu nauyi kawai ya sani.

Litinin tun bakwai ina ƙofar ɗakin gwaji.
Malam Sambo, na ce, ina kake ajiye ma'aunin zafi?
Kuma a jakata akwai tubali ɗaya,
ja, mai gurbin babban yatsan kakana.